Yadda za a koya wa ma'aikatan shagon gahawa ɗanɗano don su iya sayar wa matasa

"Assalamu alaikum. Na buɗe shagon gahawa kusa da wata jami'a a Kano, ina da ma'aikata biyar. Yawancin masu shigowa ɗalibai ne da matasan ma'aikata, 'yan shekara 19 zuwa 30. Damuwata ita ce idan aka tambayi yarana bambancin wannan gahawa da waccan, sai su ce duk suna da daɗi. Na ji cewa a ƙasashen da ake noman inabi ana yin giya da shi, akwai horon ɗanɗano da ake ba masu tarbar baƙi. Mu ba giya muke sayarwa ba, amma ko akwai abin da za mu ɗauka daga tsarinsu? Ta ina zan fara, kuma me zan tanada?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a sana'a. Idan na fahimce ki, abu biyu kike nema a tambaya ɗaya: yadda yaranki za su riƙa jin bambanci a harshensu, da yadda za su faɗi abin da suka ji ta hanyar da ɗalibin da bai taɓa shan komai ba sai Nescafé da madara zai gane, ya saya, ya kuma dawo. Na farko yana da tsari sananne, cikin wata biyu ana ganin sakamako. Na biyu ne yake kayar da shaguna da yawa, domin ana iya samun ma'aikaci mai kaifin harshe amma maganarsa tana korar mai saye.

Abin da aka gada daga masu inabi

Abin da kika ji gaskiya ne, kuma masu gahawa sun riga sun ari abubuwa da dama daga can. A shekarun 1980 wata malama a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Ann Noble, ta tsara wani zane mai siffar da'ira wanda ya jera kalmomin ƙamshin giyar inabi, daga manyan rukunai a tsakiya zuwa ƙananan sunaye a baki. A 1995 ƙungiyar masu gahawa ta Amurka ta fitar da irin wannan da'ira tata, aka sake ta a 2016. A gonakin inabi na Faransa ko na Stellenbosch a Afirka ta Kudu, mai tarbar baƙi yana koyo ne ta hanyar jera kofuna kusa da juna, a ɓoye sunayensu, a fara da mara nauyi a ƙare da mai nauyi, a ɗanɗana a tofar, a rubuta kafin a yi magana. Duk waɗannan za ki ɗauka yadda suke.

Abin da ba za ki ɗauka ba shi ne kalmominsu. Da'irar nan cike take da 'ya'yan itatuwan Turai da Amurka. Gahawar Kenya, alal misali, ana yawan kwatanta ta da ɗan itacen nan baƙi da ake yin Ribena da shi. Yaron da bai taɓa ganin wannan ɗan itace ba, idan aka tilasta masa faɗin sunansa, haddacewa kawai zai yi, kuma mai saye yana gane hadda da zarar ya ji ta. Alhali Hausa ba ta rasa kalmomin ɗanɗano ba. Muna da zaƙi da tsami da ɗaci, muna da bauri, wanda harsuna da yawa sai sun yi dogon bayani kafin su faɗe shi, muna da garɗi, da maƙaƙi, da ƙauri, da lami, da kauri da tsinkewa. Wannan dukiya ce, kuma a kanta za ki gina horon.

Kayan aiki da ƙa'idar zama

Kayan ba su da yawa. Sikeli ƙarami mai auna har kashi ɗaya cikin goma na giram, injin niƙa mai haƙora wanda ake saita laushinsa, kofuna tara ko goma sha biyu iri ɗaya masu cin mililita 200, cokula masu zurfi irin na miya, butar dafa ruwa, agogon waya, kofin tofarwa ga kowane mutum, da littafi da biro. Ma'aunin zafi yana da amfani ƙwarai. Injin niƙa mai wuƙa irin na markaɗe ba zai yi ba, domin yana fitar da gari wani laushi wani tsaki-tsaki, sai kofi ɗaya ya haɗa tsami da ɗaci, a rasa abin da ake koyo.

Lokacin zama ya fi kyau da hantsi, wajen ƙarfe goma, awa ɗaya ko biyu bayan karin kumallo. Minti arba'in sun isa, sau ɗaya ko biyu a mako. Kafin zama da awa ɗaya, ba goro, ba alawar minti, ba sigari, ba abinci mai yaji. Maganar da ta fi wuya a wajenmu ita ce ta turare. Humra da turaren wuta da ke jikin tufafi suna rufe ƙamshin gahawa gaba ɗaya, ba ga mai su kaɗai ba, har ga na kusa da shi. Ki faɗa musu tun da wuri, cikin mutunci, cewa ranar ɗanɗano a zo ba turare. Da hunturu kuma za ki ga wasu sun zo da mura. Wanda hancinsa ya toshe ya zauna ya kula da agogo, kada a auna shi a ranar. Da azumi a mayar da zaman bayan buɗa-baki da kamar awa ɗaya, a kuma tsananta tofarwa don kada gahawar ta hana barci.

Akwai ƙa'ida ɗaya da nake ganin ta fi duk kayan aikin nan muhimmanci. Kowa ya rubuta abin da ya ji shiru, sannan mafi ƙanƙanta a shagon ya fara magana, ke kuma ki zama ta ƙarshe. Tarbiyyarmu ba ta barin yaro ya saɓa wa uwar ɗakinsa a gaban mutane. Idan kika fara cewa kin ji ƙamshin dabino, duka biyar ɗin za su ji dabino, kuma an yi asarar zaman.

Makon farko: ruwa kawai

Kada ki fara da gahawa. Ki haɗa ruwa kala biyar, kowanne lita ɗaya. Na zaƙi, sukari giram 10. Na gishiri, giram 2. Na tsami, ruwan lemun tsami ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu. Na ɗaci, ki murje ganyen shuwaka kaɗan ki tace, ki riƙa ɗigawa har ɗacin ya fito ba tare da ya yi tsanani ba. Na bauri, ganyen shayi baƙi da aka bari cikin ruwan zafi minti goma, ya huce. A zuba a kofuna masu lamba, kowa ya faɗi wane ne wane.

Za ki sha mamakin yadda mutane suke rikita tsami da ɗaci, da kuma ɗaci da bauri, musamman idan an tsinka ruwan da rabi a zagaye na biyu. Wannan rikicewar ita ce asalin yawancin kurakuran da ake yi a bayan kanta, wato teburin sayarwa, domin maganin gahawa mai tsami kishiyar maganin mai ɗaci ne. Yadda ake rarrabewa: tsami yana kawo yawu nan take, ɗaci yana zuwa a makare kuma ya daɗe, bauri kuwa ba ɗanɗano ba ne, bushewa ce da kama baki, irin ta ɗanyar ayaba ko goro. Zanen nan da ake koyarwa cewa zaƙi a kan harshe yake, ɗaci a can baya, ba daidai ba ne. Duk inda ake jin ɗanɗano a harshe yana jin kowanne.

A ƙarshen zaman ki yi musu gwaji biyu. Na farko, a sa ɗan gishiri ƙanƙane a ruwan shuwaka, su ji yadda ɗacin ya ragu. Na biyu, kowa ya toshe hancinsa da yatsu, ya tauna ganyen na'a-na'a ko kanumfari ɗaya, sannan ya saki. Ƙamshin zai buɗe lokaci guda. Daga ranar za su gane cewa mafi yawan abin da muke kira ɗanɗano hanci ne yake jin sa ta bayan maƙogwaro.

Mako na biyu ki aiki ɗaya daga cikinsu kasuwa ya haɗo kwando: tsamiya, busasshen zoɓo, dabino, goruba, ɗinya ko kanya idan lokacinsu ne, magarya, aya, soyayyar gyaɗa, mazarƙwaila, zuma, lemun zaƙi, mangwaro nunanne, citta, kanumfari, kirfa, da cakulan mai duhu. A sa kowanne a kofi, a rufe da takarda mai huji, a sansana ido rufe a faɗi suna. Daga nan ku rubuta jerin kalmominku na shago, kada su wuce ashirin, ku manna a bayan kanta. Wannan jerin ya fi muku da'irar Amurka amfani nesa ba kusa ba, kuma za ku riƙa gyara shi.

Zaman ɗanɗanon gahawa

Tsarin da masu sayen gahawa a duniya suke bi yana da ma'auni tsayayye: giram 8.25 na gahawa ga ruwa mililita 150, wato giram 55 ga lita ɗaya. A kofinki mai cin mililita 200, giram 11 ke nan. Zafin ruwa kusan digiri 93 a ma'aunin Salshiyas. A Kano ruwa yana tafasa a wajen digiri 98, don haka a sauke a jira kamar minti ɗaya. A Jos, saboda tudu, a wajen 96 yake tafasa, jiran bai kai haka ba.

A auna ƙwayar kowane kofi daban, a niƙa daban, garin ya ɗan fi na gahawar da ake tacewa da takarda tsaki-tsaki. Kafin a niƙa sabon iri a fara wuce 'yan ƙwayoyi ta injin a zubar, don ragowar na baya kada ya shiga. Kada garin ya wuce minti 15 kafin a zuba ruwa. A fara sansana busasshen garin, a rubuta. A zuba ruwa har baki, a kunna agogo. Garin zai taso ya yi ɓawo a sama. Bayan minti huɗu a kai hanci dab da kofin, a tura ɓawon baya da bayan cokali sau uku. A wannan lokacin ƙamshi ya fi fitowa, kuma sau ɗaya yake fitowa. A kwashe kumfar da cokula biyu. A jira har minti takwas zuwa goma daga zuba ruwa, lokacin zafin ya sauko wajen digiri 70, sannan a ɗebo a cokali a zuƙa da ƙarfi har da ƙara, yadda zai fantsama cikin baki ya kai hanci. 'Yan mata sukan ji kunyar ƙarar nan da farko, sai ke ki fara yi a gabansu. A ɗanɗana sau uku: da zafi, da ɗumi, da bayan ya huce. Gahawa mai kyau tana ƙara zaƙi idan ta huce, mai aibi kuma a lokacin ne asirinta yake tonuwa. Don tsabta, a riƙa ɗebowa da cokali ɗaya ana zubawa a ƙaramin kofin kowane mutum, kada cokalin da ya shiga baki ya koma kofin kowa.

Iri uku sun isa a zama ɗaya, kofi uku-uku, giram 99 ke nan gaba ɗaya, ba kuɗi ne mai yawa ba. Ki zaɓi waɗanda suka yi nisa da juna. Zaman farko, manyan nau'o'in gahawa biyu, arabika da robusta: robusta ta fi ɗaci da kauri, tana da ƙamshin ƙasa da itace, kuma kafeyin, sinadarin nan mai hana barci, da ke cikinta ya kusa ninka na arabika. Zama na biyu, gahawar Habasha biyu: wadda aka cire wa ɓawo aka wanke kafin shanya, irin ta Yirgacefe, mai tsami tsaf kamar lemo da ƙamshin fure, da wadda aka shanya da ɓawonta, irin ta Harar, wadda take karkata wajen zoɓo da busassun 'ya'yan itace. A sa ta Burazil a tsakiya, mai garɗin gyaɗa da cakulan, tsaminta kaɗan. Zama na uku, ƙwaya ɗaya da aka soya mataki daban-daban, su ji yadda tsami yake raguwa, ɗaci da ƙauri suke ƙaruwa, yayin da suya take duhu. Idan kina samun arabikar tsaunin Mambila a jihar Taraba, ki sa ta a jerin. Matasa suna son jin cewa a ƙasarsu aka noma abin da ke hannunsu.

Ɓata gahawa da gangan

Wannan zaman ne ya fi saurin biyan kuɗinsa. Ki ɗauki gahawar da kuka fi sayarwa, ki haɗa ta daidai a kofi ɗaya, sauran ki ɓata su da sani. Ɗaya a niƙa shi tsaki-tsaki a gaggauta tacewa: zai fito da tsami mai kaifi, tsinkakke, har da ɗan gishiri-gishiri, domin ruwan bai samu ya jawo zaƙin ba. Ɗaya a niƙa shi luƙwi a daɗe: ɗaci da bauri da maƙaƙi. Ɗaya daga garin da aka niƙa aka bari buɗe kwana uku: lami, da warin kwali. Ɗaya wanda ya zauna a filas ko a kan wuta awa biyu. Ɗaya da ruwan famfo mai warin magani, wani da ruwan rijiyar burtsatse idan naku mai nauyi ne, wanda yake kashe tsami ya bar gahawa ta yi dusu-dusu, ya kuma tara farin dutse a cikin inji. Sai madarar da aka dafa ta wuce kima. Madara ta fi zaƙi a digiri 60 zuwa 65. Idan ta haura 70 ƙamshin dahuwa yake shiga, kumfar kuma ta lalace.

Kowane aibi a haɗa shi da gyaransa a rubuce. Ga esfireso, wato 'yar gahawar nan mai ƙarfi da inji yake matsowa, ma'aunin farawa shi ne giram 18 na gari ya ba da giram 36 a kofi cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Ya zubo da sauri kuma ya yi tsami, a ƙara laushi. Ya daɗe yana ɗiga kuma ya yi ɗaci, a rage laushi. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Kowace safiya wanda ya buɗe shago ya haɗa kofi ɗaya, ya ɗanɗana, ya rubuta lamba da abin da ya ji. Saitin da ya yi daidai da hunturu ba zai yi da damina ba, domin ƙwaya tana shan laima.

Don ki san ko horon yana shiga, akwai gwajin kofi uku: biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a nemo baren. Mai cinta kawai yana dacewa sau ɗaya cikin uku, saboda haka zagaye ɗaya ba ya nuna komai. A yi zagaye shida. Yiwuwar mutum ya ci biyar ko shida da cinta zalla ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba. A fara da masu nisa, a riƙa matso da su kusa mako-mako. Kada ki mayar da shi jarrabawar kora, domin tsoro yana dakushe harshe.

Magana da matashi a gaban kanta

Yanzu ga inda ciniki yake. Matashin da ya shigo shagonki yawanci ba ya son a gane bai sani ba, musamman idan yana tare da abokai ko budurwa. Allon da aka cika da sunayen waje yana sa shi ya nuna mafi arha ko ya ce a ba shi irin na wancan. Ma'aikacin da ya samu sabon ilimi kuma yana ɗokin zazzage shi duka. Haɗuwar waɗannan biyun ita ce take sa mutum ya sha sau ɗaya bai dawo ba.

Ki koya musu su fara da tambaya, kuma tambayar ta kasance a kan abin da mutum ya riga ya sani: "Yaya kake shan shayinka?" ko "Tsakanin zoɓo da kunun aya wanne kika fi so?" Amsar tana nuna hanya. Mai son shayi mai kauri da madara, a ba shi kafucino, wato esfireso da madara mai kumfa, da gahawar Burazil ko haɗin da ke da ɗan robusta, domin ita ce take tsayawa a cikin madara. Gahawar Habasha mai ƙaramar suya ɓacewa take yi a madara, ta bar ɗan tsami mara daɗi. Mai son zoɓo da tsamiya, a ba shi ta Habasha mai sanyi ba madara. Wanda ya saba da shayin Buzaye, mai ƙarfi da ɗaci da sukari, esfireso ba zai ba shi tsoro ba. Wanda ya je Umara ya sha gahawar Larabawa da dabino, a gaya masa gaskiya cewa waccan suyarta ƙarama ce ƙwarai kuma da kayan ƙamshi ake dafa ta, taku za ta fi ta duhu da kauri.

Bayan tambaya, zaɓi biyu kawai, kowanne da jimla ɗaya. "Wannan tana da garɗi kamar soyayyar gyaɗa, tana son madara. Wannan kuma tana da ɗan tsamin zoɓo, ta fi daɗi da ƙanƙara." Idan mutum yana jinkiri, a ɗan zuba masa kamar mililita 30 ya kurɓa, a yi shiru a bar shi ya fara magana. Duk abin da ya ce ya ji, kada a gyara masa. Tarihin gona da tsayin dutse sai ga wanda ya tambaya, kuma akwai masu tambaya. Su ne suke komawa su kawo abokai.

Maganar sukari ina da ra'ayi mai ƙarfi a kanta. Kada wani ma'aikacinki ya yamutsa fuska don an nemi sukari cokali uku. Mutum kuɗinsa ya biya. Abin da ya halatta shi ne a ce, "Ɗan kurɓa kafin ka sa, ka ji yadda take," sau ɗaya, cikin fara'a. Kuma tunda yawancin abin da za ku sayar da madara ne ko da ƙanƙara, dole ma'aikata su ɗanɗana kowace gahawa a yadda ake sayar da ita, ba baƙa kaɗai ba. Sanyi yana rage jin zaƙi da ƙamshi, ƙanƙara tana tsinka abin sha. Don mai sanyi, a tace giram 30 na gari da ruwan zafi giram 300 kai tsaye a kan ƙanƙara giram 200. Sukari ba ya narkewa a ruwan sanyi, don haka a dafa sukari da ruwa awo ɗaya-ɗaya a ajiye a kwalba.

A yi atisaye a ƙarshen kowane zama, minti goma: ɗaya ya zama mai saye, ɗaya mai sayarwa. Ki ba mai sayen hali: mai sauri zai shiga aji, mai kuɗi kaɗan, mai cewa gahawa ɗaci gare ta, mai son ɗaukar hoto. Idan bayanin mai sayarwa ya wuce daƙiƙa ashirin, a sake.

Tambayoyi biyu da za a yi musu

Ta farko: "An sa zoɓo a ciki ne?" ko, mafi nauyi, "Wannan da aka rubuta a jikin leda cewa tana da ɗanɗanon giyar inabi, akwai giya a ciki?" Ya kamata kowane ma'aikaci ya iya amsawa ba inda-inda. Sunayen 'ya'yan itace da ake rubutawa kwatance ne na ƙamshin ƙwayar kanta, ba abin da aka zuba ba. Wajen sarrafa gahawa ana barin naman ɗan itacen ya ɗan yi tsami kafin a busar, sannan a soya ƙwayar a zafin da ya kai wajen digiri 200. Abin da ke kofi ba ya sa maye. Amma akwai wuraren lura na gaske. Ana sayar da wata gahawa da aka ajiye ɗanyar ƙwayarta a gangar da aka taɓa zuba barasa don ta ɗauki ƙamshi, kuma ruwan banila na asali da barasa ake jiƙa shi. Ki karanta jikin kowace kwalbar ƙamshi da kowace leda, ki tambayi mai kawo miki kaya. Hukuncin shari'a a kan irin waɗannan na malamai ne. Aikin ma'aikaci ya san abin da ke cikin kofi ya faɗi gaskiya.

Ta biyu tana zuwa lokacin jarrabawa: "Wacce ce za ta hana ni barci?" Hukumomin lafiya na Amurka da Turai sun sa iyakar kafeyin ga baligi mai lafiya a wajen miligiram 400 a rana, ga mai juna biyu 200. Kofin gahawar da aka tace, mililita 240, yana ɗauke da kusan 95, esfireso ɗaya kuma wajen 60 zuwa 65. Jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya rage rabin abin da aka sha, shi ya sa kofin la'asar yake bin mutum har gado. Ɗalibin da ya dawo karo na huɗu, ko ya shigo da gwangwanin abin sha mai ƙara kuzari a hannu, ya cancanci a faɗa masa wannan a hankali. Duhun suya kuma ba shi ne yawan kafeyin ba. Irin ƙwayar da yawan garin su ne ma'auni. Kada ma'aikaci ya ce gahawa tana maganin wata cuta, wanda kuma ya ce yana da hawan jini ko bugun zuciya a ce ya tambayi likitansa.

Inda horon yake tsayawa

Horo ba ya gyara tsohuwar ƙwaya. Ki sayi wadda aka rubuta ranar suyarta, ki ƙarar da ita cikin mako huɗu zuwa shida, a ajiye a mazubi mai rufi nesa da zafin inji da kayan yaji, a niƙa lokacin da za a haɗa. Mutane kuma ba ɗaya suke ba wajen jin ɗaci, abin halitta ne. Cikin biyar ɗinki wataƙila ɗaya zai yi fice a gwajin kofi uku, wani kuma ya fi kowa iya magana da baƙo. Na farkon ki ba shi saitin safe da karɓar sabon kaya, na biyun ki tsayar da shi a kanta lokacin cunkoso. Wannan tsari na shago ne, ba zai mayar da kowa mai tantance gahawa na ƙasa da ƙasa ba, wannan yana da nasa kwas da jarrabawa.

Ma'aikatan irin wannan shago ba sa daɗewa, wani zai samu gurbin karatu, wata za ta yi aure. Saboda haka komai ya shiga littafin shago: awon ruwan nan biyar, jerin kalmominku, jimlar da aka amince da ita ga kowace gahawa, da lambobin safe. Sabon ma'aikaci ya yi zaman ruwa da na kwandon kasuwa a makonsa na farko, wanda ya fi daɗewa ne zai jagorance shi, kuma kada ya tsaya shi kaɗai a kanta sai ya ɗanɗana duk abin da ke kan allo, da zafi da sanyi, da madara da babu.